Hanji ma yana da nasa kunne: amsar tambayar wata mai gishiri daga Bana

Kwanakin baya ina cikin gabatar da shirinmu na safe a rediyo, wata dattijuwa ta bugo waya daga Bana, can cikin kwarin Foga na gundumar Gaya. Sana'arta gishiri. Tun tana budurwa take kankaro ƙasar fadama, ta tace, ta dafa, ta kai kasuwa. Bayan mun gaisa sai ta yi shiru, har na zaci layin ya yanke. Can sai ta ce, "Ɗiyata, tambayar tawa da kunya, amma girma ya zo, kunya ta ragu. Ni dai da na sha koko da safe, kafin in aje ludayi bayan gida ya matsa mini. Maƙwabta sun ce cikina ne ba ya riƙe abinci, wasu sun ce basir ne. Shekara biyu ke nan ina sayen magani wajen masu talla, abin bai canza ba."

Na ce, "Inna, kina ganin jini? Kin rame? Yana tashinki cikin dare?" Ta ce babu ko ɗaya. Sau ɗaya ne a rana, da safe, ba zawo ba ne, kuma in ta je ta dawo shi ke nan har gobe. Kafin mu rufe shirin wasu mata sun bugo suna cewa su ma haka suke, wata ma ta ce ta daina karin kumallo ran kasuwa don gudun kada abin ya kama ta a mota.

Na ɗauki tambayar na kai wa ma'aikatan lafiya, na kuma duba abin da masana suka rubuta. Amsar a taƙaice ita ce, innar nan lafiyarta lau, kuɗin da ta zuba a magani shekara biyu asara ce. Amma dalilin da ya sa haka ya fi amsar daɗi, shi ya sa na ga ya dace in kawo shi wannan shafi.

Ba kokon ba ne ke fita

Abinci kan yi awa 2 zuwa 4 a tumbi, ya ƙara wasu awoyi cikin ƙaramin hanji, sannan ya ya da zango a babban hanji, wanda wasu ke kira uwar hanji, inda yakan kwana ɗaya, wani lokaci biyu ko fiye. Ke nan abin da ke fita da safe tuwon jiya ne ko na shekaranjiya. Iyakar abin da koko ya yi shi ne ya buɗa tumbi. Da bangon tumbin ya ji an miƙe shi, sai saƙo ya tafi can ƙasa wajen uwar hanji cewa sabon kaya ya shigo, a fitar da tsohon. Duk macen da ta yi goyo ta san wannan, jariri na shan nono yana ɓata zane. Saƙon ya fi ƙarfi da safe, ya fi ƙarfi bayan abinci mai maiƙo, kuma akwai mutanen da kofin kafe kaɗai kan tayar musu da shi.

Irin wannan aiki ne da jiki ke yi ba da shawarar mai shi ba, kamar ƙyafta ido in ƙura ta taso, ko janye hannu in ya taɓa garwashi. Bambancin kawai shi ne, a ciki, da yawa daga cikin waɗannan ayyuka ba sa ma bi ta ƙwaƙwalwa. Hanji ne ke ji, shi ke yanke shawara, shi ke aikatawa.

A nan sai an yi hattara da Hausarmu, domin kalmar jijiya ɗaya gare mu, alhali abin iri biyu ne. Akwai jijiyar da jini ke bi, akwai kuma jijiyar saƙo, wadda ke ɗaukar labari kamar wayar tarho. Ta biyun muke nufi. A cikin bangon hanji, tun daga maƙoshi har dubura, irin waɗannan jijiyoyi na shimfiɗe hawa biyu kamar komar masunta. Wasu Jamusawa biyu ne suka fara bayyana su, Georg Meissner a 1857 da Leopold Auerbach a 1862, har yau kuma da sunansu likitoci ke kiran hawa biyun. Ƙwayoyin jijiyar da ke wurin sun haura miliyan 100. Wannan ya sa wani masani na Amurka, Michael Gershon, ya fitar da littafi a 1998 inda ya kira hanji ƙwaƙwalwa ta biyu. Ba ta lissafin riba, ba ta tuna wanda ya ci bashi, amma aikin da ke gabanta ba ta jiran umarnin kowa.

Waɗanda suka tabbatar da haka su ne William Bayliss da Ernest Starling, a birnin Landan, a shekarar 1899. Sun yi gwaji da karnuka, inda suka lura cewa duk inda aka ɗan cika hanji, sai ya matse ta baya ya saki ta gaba, abin da ke ciki ya matsa. Duk wadda ta taɓa wanke hanjin rago ranar Layya ta san wannan hannu: ki matse da yatsu biyu ta baya, ki bar gaba a sake, ki ja. Sai suka yanke jijiyoyin da suka haɗa hanjin da ƙwaƙwalwa da lakar gadon baya, suna jiran aikin ya tsaya. Bai tsaya ba. A 1917 wani Bajamushe mai suna Paul Trendelenburg ya ma ciro guntun hanjin ɓeran Masar ɗungum, ya sa shi cikin ruwan gishiri mai ɗumi, ya cika shi, hanjin ya ci gaba da turawa shi kaɗai cikin kwano.

Duwan na cikin ciki

Mutumin Gaya ba ya buƙatar a yi masa bayanin duwan. Kaya ya taso daga Malanbil ko daga Kamba, sai an tsayar da shi, an buɗe, an ga mene ne, an auna nauyinsa, sannan a ce ya wuce ko ya jira ko ya koma. To haka hanji ke yi da duk lomar da muka haɗiye. A cikin fatar da ta lulluɓe hanji ta ciki akwai wasu ƙwayoyi na musamman, ba su kai 1 cikin 100 ba, waɗanda aikinsu ke nan. Wasu na auna nauyi, wasu na ɗanɗano.

Masu auna nauyi su ke jin an taɓa su ko an miƙe bango. Da sun ji, sai su saki wani sinadari da ake kira sirotonin, shi kuma ya tada jijiyoyin da ke kusa, hanji ya fara matsa yana tsatso ruwa. Wanda ya taɓa jin sunan sirotonin, galibi a zancen ƙwaƙwalwa da damuwa ya ji shi, amma fiye da kashi 90 cikin 100 na wanda ke jikin mutum a hanji yake. Ƴar ƙofar da ke sa ƙwayar jiki ta ji taɓi kuwa sai a 2010 aka gano ta, a ɗakin binciken Ardem Patapoutian, haifaffen Bairut da ke aiki a Amurka, wanda ya samu kyautar Nobel a 2021. Daga baya aka tarar irin ƙofar da ke sa fatar yatsa ta ji laushin atamfa, ita ce a jikin waɗannan ƙwayoyi na hanji.

Wannan shi ya sa abinci mai ƙaiƙayi da zare ke sa ciki tafiya. Zogale, rama, kuɓewa, kuka, wake, gero da ba a surfe shi ƙwarai ba, har da murucin da ƙasar Gaya ta yi suna da shi, duk suna barin saura mai auki wanda ke riƙe ruwa yana miƙe bangon uwar hanji. Farar shinkafa da burodi da taliya kuwa kusan duka jiki ke shanyewa, abin da ke isa ƙasa bai kai ya tada masu gadi ba.

Masu ɗanɗano su ma iri iri ne. Bayliss da Starling ɗin nan dai, a 1902, suka gano cewa in ruwan tsami na tumbi ya zubo cikin ƙaramin hanji, hanjin kan aika saƙo ta cikin jini zuwa wata tsoka da ke kwance bayan tumbi, wadda likitoci ke kira fankiriya, ita kuma ta zubo ruwan da ke kashe tsamin. Sinadarin da ke cikin ruwan nan dangin wanda ke cikin kanwa ne. Wato jiki na da tasa kanwa, yana kuma auna ta daidai, ba kamar mu da muke jiƙa ta da ka ba.

In maiƙo ne ya shigo, wasu ƙwayoyin su shaida shi, su sa matsarmama ta matse ta zubo ruwanta mai ɗaci don narkar da man, su kuma ce wa tumbi ya rage sakin kaya, layi ya yi tsawo. Shi ya sa wadda ta karya da ƙosai ko fanke takan kai azahar ba ta ji yunwa ba, wadda ta sha koko zalla kuwa tun hantsi cikinta ke kira. Ƙoshi ma saƙo ne daga hanji, kuma ba nan take yake cika isa ba, sai an ɗan jima. Mai cin abinci a tsaye, loma na bin loma don ga mai saye yana jira, yakan wuce ƙoshi kafin labari ya iske shi, sai daga baya ya ji ciki ya yi dam. Allurar nan ta Ozempic da ake ta zancenta wajen masu ciwon suga da masu son rage ƙiba, kwaikwayon ɗaya daga cikin waɗannan saƙonni na hanji ce.

Har zaƙi hanji na ji. A 2018 ayarin Diego Bohórquez na jami'ar Duke a Amurka suka nuna cewa wasu ƙwayoyin hanji a manne suke da jijiya kai tsaye, suna miƙa labari cikin ƙasa da ƙyaftawar ido. A 2022 kuma suka nuna, a jikin ɓeraye, cewa hanji na bambanta sukari na gaske da ƙwayar zaƙi irin wadda ake sa wa lemo don rage tsada. Harshe na iya ruɗuwa, hanji bai ruɗu ba. Masu sayar da lemon zoɓo da na tsamiya, ban ce da ku nake ba.

Babbar hanyar da ta haɗa ciki da kai wata doguwar jijiya ce da ta sauko daga ƙeya, ta ratsa wuya da ƙirji ta bazu cikin ciki. Likitoci na kiranta bagus, ma'anarsa a Latin mai yawo, mu dai sai mu ce falke. Abin lura shi ne, kusan 8 cikin 10 na zaren wannan jijiya labari suke kaiwa sama, ba umarni suke kawowa ƙasa ba. Ciki ya fi gaya wa kai magana fiye da yadda kai ke gaya masa.

Amma kan ma yana magana, kuma Bahaushe ya riga likita sanin haka. Wanda ya tsorata ya ce cikinsa ya ɗuri ruwa, murna farin ciki ce, takaici baƙin ciki. Ɗan kasuwar da aka tsare masa kaya a kan iyaka, ya ji cikinsa na murɗawa yana neman bayan gida, ba abinci ya ci ba. An taɓa ganin wannan da ido. A 1822, a tsibirin Mackinac na Amurka, bindiga ta tashi bisa kuskure cikin kantin wani kamfanin fatu, ta huda cikin wani matashin ma'aikacin fatake mai suna Alexis St. Martin. Ya rayu, amma ramin bai rufe ba, ya zama kamar taga zuwa tumbinsa. Likitan soja da ya yi jinyarsa, William Beaumont, ya riƙa ɗaura abinci a zare yana zurawa yana cirowa yana duba yadda ya narke, ya kuma buga abin da ya gani a 1833. Cikin abin da ya lura har da cewa in ran saurayin ya ɓaci, narkewar abinci takan yi jinkiri.

Ƙugin ciki kuwa, wanda ke ba mutum kunya a cikin taro, ba kullum ba ne yunwa. In tumbi da ƙaramin hanji suka zama wayam, duk bayan kamar awa ɗaya da rabi zuwa biyu wani matsi mai ƙarfi kan taso daga sama ya share hanya har ƙasa, kamar masu shara bayan kasuwa ta watse. Da an ci wani abu sai sharar ta tsaya. Masu azumi sun san wannan ƙara.

Inda saƙon ke zama gargaɗi

Barkono ya isa misali. Abin da ke cikinsa mai yaji ba ƙona nama yake ba, wata ƴar ƙofa yake taɓawa a jikin jijiya wadda aikinta jin zafin wuta, sai jijiyar ta kai rahoton gobara alhali ba wuta. David Julius ne ya gano ƙofar a 1997, shi ne kuma suka raba kyautar Nobel ta 2021 da Patapoutian. Irin wannan ƙofa tana baki, tana hanji, tana kuma bakin dubura, shi ya sa yajin tsire kan yi zafi sau biyu. Wannan zafi na safe ba shi ne basir ba, ko da yake mai basir ko mai tsagewa a wurin zai fi jin jiki. Tsuntsaye kuwa tasu ƙofar ba ta jin barkono, shi ya sa kaza ke tsattsagar shanyarki hankali kwance.

Wani abin mamaki, hanji ba ya jin yanka yadda fata ke ji. Abin da yake ji shi ne miƙewa da murɗewa da kumburi, kuma ba ya iya nuna wurin daidai. Shi ya sa mai ciwon ciki ke shafa cikin duka da tafin hannu maimakon ya nuna da yatsa. Ciwon afendis ma yakan fara ne a kewayen cibiya, sai bayan awoyi, in kumburin ya taɓa bangon ciki mai jijiyoyi masu kaifin ji, ya koma ƙasa ta hannun dama ya tsaya wuri ɗaya. Ciwon da ya yi irin wannan ƙaura, ko cikin da ya yi tauri kamar katako bayan an yi kwanaki ana zazzaɓi, ba na jiƙo ba ne, ba na kanwa ba ne, na likita ne a ranar. Haka wanda cikinsa ya kumbura, yana amai kore, ba kashi ba tusa, musamman mai gwaiwar da ta fito ta ƙi komawa. Hanya ce ta toshe, hanji na ta turawa ba wurin wucewa, kuma maganin wankin ciki a irin wannan hali ƙara wa wuta mai ne. Jini a bayan gida, ko kashi baƙi ƙirin kamar kwalta ga wanda ba ya shan ƙwayar ƙarin jini, ko rama ba dalili, su ne tambayoyin da na yi wa innar Bana tun farko, don da ta ce akwai, da amsar ta canza.

Amai shi ne duwan ya ce kaya ya koma. In abinci ya kwana ya lalace, ko hannu mai ƙurji ya taɓa shi ya daɗe a rana, wasu ƙwayoyin cuta kan bar dafi a ciki wanda ko an ɗumama ba ya mutuwa. Masu gadin hanji su ji shi, su zubo sirotonin da yawa, jijiya falke ta kai labari ƙeya, cikin ƴan awoyi mutum ya fara kelaya amai. Masu sayar da dafaffen abinci, ragowar jiya da aka juye kan na yau ita ce kan kori mai saye har abada.

Kwalara ta fi wayo, domin ita masu gadin take mayarwa ƴan aikinta. A kowace rana wajen lita 8 zuwa 9 na ruwa ke ratsa hanjin babban mutum, wanda ya sha da wanda jiki ya zubo, yawu da ruwan tumbi da na matsarmama, kuma kusan duka hanji ke mayarwa cikin jiki, abin da ke fita bai kai kofi ɗaya ba. Dafin kwalara kan buɗe famfon fatar hanji ya ƙi rufuwa. Bugu da ƙari, masu bincike na birnin Gotenbag a Suwidin, ƙarƙashin Ove Lundgren, sun nuna tun farkon shekarun 1980 cewa dafin na tada jijiyoyin hanji su ma su ba da umarnin zubo ruwa, har ma in aka kashe jin jijiyoyin a jikin dabba, ruwan kan ragu sosai. Mai kwalara mai tsanani na iya zubar da lita guda cikin awa ɗaya. Ba tatsuniya ba ce a wajenmu. A 2021 cutar ta kama mutum fiye da dubu 5 a Nijar, ta kashe sama da 160, jihar Doso na cikin jihohin da ta shiga. Garuruwan kan iyaka, inda ake cuɗanya ana shan ruwa duk inda aka samu, su ne kullum a bakin hanya.

Sa'ar da aka yi ita ce akwai wata ƙofa a hanji da dafin bai taɓawa, wadda ba ta buɗewa sai gishiri da sukari sun zo tare, in sun shiga kuma ruwa ya bi bayansu. A kan wannan aka gina ruwan gishiri da sukari. A 1971, lokacin yaƙin Bangaladash, kwalara ta ɓarke a sansanin ƴan gudun hijira a Indiya, ruwan leda na ƙari ya ƙare, sai likita Dilip Mahalanabis ya sa aka riƙa dama gishiri da sukari ana ba mutane da kofi. Mace-mace suka sauko daga wajen 30 cikin 100 zuwa ƙasa da 4. Ƙunshin da ake bayarwa a gidan likita shi ya fi, don an auna shi. In babu, a samu lita 1 ta ruwa mai tsabta, a sa ƙaramin cokalin shayi 6 na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishirin miya. Mutanen Foga, ku da gishiri bai yi muku wuya, kada hannu ya yi nauyi: in ya fi hawaye gishiri, a zubar a sake. A riƙa ba yaro kaɗan kaɗan ko yana amai, kada a janye masa nono, a kuma kama hanyar likita, inda za a haɗa masa da ƙwayar zinki ta kwana 10 zuwa 14.

Abin da ya fi damuna shi ne tiren masu tallar magani. Ƙwayar tsayar da zawo da suke sayarwa ba ta kashe cuta, jijiyoyin hanji take sa wa barci. Babban da tafiya ta kama, ba jini ba zazzaɓi, yana iya samun sauƙi da ita na yini guda. Amma ga ƙaramin yaro, ko ga mai atuni, kamar a kulle ɓarawo ne cikin shago a tafi gida. Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta yarda a ba yara irin wannan magani ba. Tramol ma danginta ne ta wannan fuska. Ƴan dako da ƴan kabu-kabu da ke haɗiyarsa don kada su ji gajiya, da yawansu kan yi kwanaki ba su zaga ba, su koma wajen mai tallar nan dai su sayi maganin wankin ciki. Ya ci riba sau biyu a kan hanji ɗaya.

Akwai kuma abin da mu mata muke yi wa kanmu, ko in ce ake sa mu yi. In kashi ya sauko dubura, bangon wurin ya miƙe, ƙofar ciki takan ɗan saki da kanta don fatar bakin ta tantance ko iska ce, ko ruwa, ko mai tauri. Ƙofar waje ce kaɗai ke hannunmu. In muka matse, kiran kan lafa bayan ɗan lokaci, kashin ya zauna, uwar hanji ta ci gaba da tsotse ruwansa yana ƙara tauri. In abin ya zama na kullum, wurin kan saba da cika har ya rage kira. Daga nan sai yunƙuri, daga yunƙuri sai basir na gaske. Mace ta fito tun asuba, ta wuni a rumfa, ba ta shan ruwa don kada fitsari ya kama ta, ba ta zagawa don makewayin kasuwa ba ya shiguwa, ko babu shi sam. Kullum ana karɓar kuɗin tikiti a hannunta. A ganina makewayi mai ruwa da ƙofa, na mata daban, ba alfarma ba ce, yana cikin abin da kuɗin nan ya kamata ya saya, kuma ƙungiyoyin ƴan kasuwa na da bakin da za su nema.

Na bar zancen jarirai a ƙarshe don shi ne wanda ba a cika sani ba. Kusan jariri 1 cikin dubu 5 ana haifarsa da wani yanki na ƙarshen hanji da babu jijiyoyin nan a ciki. Wani likitan yara na ƙasar Danmak, Harald Hirschsprung, ya bayyana cutar a 1886, da sunansa kuma ake kiranta. Yankin da ba jijiya ba ya sakewa, kullum a matse yake, kashi ya taru a bayansa. Alamar farko ita ce jaririn da ya kwana biyu da haihuwa bai yi baƙin kashin nan na fari ba, cikinsa na kumbura, wani lokaci da amai kore. Dauri ba ya yi masa, ɗura ba ta yi masa, sabulun da ake tura wa jariri ma in ya fitar da kashi yau gobe abin na nan. Aiki ake yi a cire yankin a haɗa mai lafiya, kuma yaran da aka kai da wuri galibinsu suna tashi su yi rayuwarsu. Ungozoma da kaka su ne ke ganin zanen jariri a kwana biyun farko, su ne za su fara lura.

Innar Bana ta sake bugowa bayan na karanta mata amsar a rediyo. Ta ce ta daina sayen maganin, yanzu takan sha kokonta tun kafin gari ya waye sosai, ta gama abin da za ta yi a gida sannan ta ɗora kayanta. Ta tambaye ni ko za ta iya zuwa wajen mai tallar ya mayar mata da kuɗinta na shekara biyu. Na ce, "Inna, wannan kam sai dai ki gwada." Ta yi dariya, ta ce za ta aiko mini da gishiri in an samu mai zuwa.